Ranar da Aka Zare Duk Matosai

Akwai wata magana da mutanenmu suke yi, wadda ni Edna Sugden na haramta wa bakina. In mutum zai yi abu da iyakar ƙarfinsa, bai rage ko ƙyas ba, sai a ce ya zare duk matosai. Uwar amarya ta zare duk matosai a bikin 'yarta. 'Yan ƙwallon garinmu sun zare duk matosai, ko da yake an lallasa su. Duk inda ake Turanci za ka ji ta, har a rediyo, daga bakin mutanen da ba su taɓa leƙa bayan ogan ba. Yabo ne a wurinsu, suna faɗa suna washe baki. Ni kuwa in na ji ta sai in tashi in kashe rediyon.

Daga ogan, babban kayan kiɗan majami'a mai bututu, maganar ta fito. Namu na majami'ar kan tudu, masu masaƙar ulu ne suka saya tun zamanin kakanninmu, don su nuna wa majami'ar ƙasan kwari cewa ruwa ba sa'an kwando ba ne. Matosansa suna jere dama da hagun mai kaɗawa, 'yan katakai masu farin kai. Ka zaro ɗaya, layin bututu ɗaya ya buɗe ya yi magana. Ka ƙara, murya ta ƙaru. Abin da masu maganar ba sa faɗa shi ne, bututu ba ya kuka sai da iska, iskar nan kuwa mutum ne ke ba da ita. Ƙanena Clifford ke zama a gaba da baƙar kwat yana kaɗawa, jama'a na kallon ƙeyarsa. Mijina Amos ke bayan wani koren labule, ya naɗe hannun riga, yana danna hannun zugazugi, wani katako mai kaurin taɓarya, sama da ƙasa, sama da ƙasa. Duk matoshin da Clifford ya zaro, a ƙirjin Amos yake sauka.

Tun kafin mu yi aure Amos ke wannan aiki, ranar Lahadi kawai, sauran kwanaki yana masaƙa. Tsakaninsa da Clifford bangon katako ne, ba mai ganin wani. Don haka suke da al'adarsu, wadda suka gada daga waɗanda suka riga su: in mai zuga ya ji iska tana neman fin ƙarfinsa, sai ya ƙwanƙwasa katakon sau biyu, mai kaɗawa ya tura wasu matosai ciki. Amos kan ƙwanƙwasa, amma don tsokana, in Clifford ya ja waƙa ya hana mutane zuwa cin abinci. Don gajiya kam, bai taɓa ba.

Akwai matosai uku can ƙasa ta hannun dama, da muke kira bijimai. Su ne na manyan bututun nan da suka kai rufi. A da mutum biyu ke zuga idan za a haɗa su da sauran, amma hannun zugazugi na biyu ya karye tun ina goye, ba a kuwa gyara ba. Saboda haka a cikin masu rai da wuya ka sami wanda ya taɓa jin ogan ɗinmu da duk muryarsa.

Shekarar da abin ya faru, yaƙi bai daɗe da ƙarewa ba, dattawan majami'a suka yanke cewa za a sa injin lantarki ya riƙa zuga, da zarar an gama bikin shekara. Rabaran Midgley da kansa ya zo gida ya faɗa wa Amos, yana ta kame-kame, wai don a hutar da shi ne. Amos ya yi godiya, ya raka shi ƙofa. Da ya dawo ya zauna ya kalli shayinsa har ya huce.

Ni kam har ga Allah na ji daɗi, don na san abin da dattawa ba su sani ba. Tun cikin hunturu Amos ya fara tsayawa a tsakiyar tudun nan idan za mu majami'a, wai zai ɗaure igiyar takalmi. Igiyar nan lafiyarta ƙalau, ni na saya. Sai ya durƙusa, ya daɗe, leɓɓansa su yi wani irin launi kamar na wanda ya sha sanyi. Da ƙyar da ja-in-ja na kai shi wurin Likita Firth. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya daɗe yana saurare, sannan ya ba shi wasu 'yan ƙwayoyi na sa wa a ƙarƙashin harshe. Ya ce a gabana, "Amos, zuciyar nan ta yi maka aiki ta gaji. Tafiya a hankali, kada ka ɗaga abu mai nauyi. In ka matsa mata, sau ɗaya za ta ba ka amsa."

Da muka fito Amos ya ce in na faɗa wa wani, shi da ni. Na ce to, don na ga sauran 'yan makonni ne inji ya zo. Zugar yau da kullum ba ta da nauyi, ya saba da ita kamar numfashi.

Ranar wata Lahadi Clifford ya zo cin abincin rana, kamar yadda ya saba tunda bai yi aure ba. Na gasa naman rago da dankali. Suna cikin ci suna tsokanar juna, Amos ya ajiye cokali.

"Kai ɗan gayu, ranar biki bijimai nake so."

Clifford ya yi dariya. "Bijimai? Da wane ƙarfin, tsoho? Kai da ko buɗe kwalbar jam ɗin shafa wa burodi sai ka kira Edna."

"Baitin ƙarshe na waƙar rufewa. Ka zare duka, kada ka bar ko ɗaya. Ko yatsun naka na mata ba za su iya ba?"

"Mutum biyu ake yi da su, ka sani."

"Mutum biyu irinka. Ni ɗaya na isa." Ya ɗauki cokalin kuma. "So nake mutanen nan su ji shi sau ɗaya daga hannun ɗan'adam. In injinsu ya zo ya yi, su san ba shi ya fara ba."

Na ce, "Amos."

Ya ce, "Yarinya, miƙo gishiri."

Haka yake kirana, yarinya, ni da furfurata. Na miƙa masa gishirin, na so in maka masa a ka. Na dubi Clifford, na ga idonsa yana ƙyalli. Na san ƙanena. Tun yana ƙaramin yaro yake shafa bijiman nan da yatsa in ya zauna, kamar mai shafa kan kare. Duk rayuwarsa yake jiran wanda zai ce masa zare.

Ban riƙe sirrin ba, ba na kuwa nadamar wannan. Cikin makon na sami Clifford a majami'a da la'asar yana goge madannai, ba kowa sai shi. Na zayyana masa komai, igiyar takalmi, leɓɓa, maganar likita. Ya zauna, tsumman gogewar yana hannunsa.

"Don me ba ki faɗa mini tuntuni ba?"

"Yanzu na faɗa. Ka bar bijiman nan a inda suke."

"Jiya Amos ya zo nan, Edna. Ya sa na ba shi hannu a kan zan zare."

"To karɓo hannunka. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne."

"Ya ce in na ƙi, kowa zai san an fitar da shi ne don ya tsufa. Ya ce gara in mare shi a gaban jama'a." Ya sunkuyar da kai. "Ban san da ciwon ba. Amma ke ma kin san shi. In na ƙi, zai gane ke ce. Ba zai yafe miki ba, ba zai yafe mini ba, ya zauna a kujerar nan ta gaban murhu ya mutu da baƙin ciki."

"Gara ya mutu yana fushi da ni nan da shekara goma."

Muka yi ta yi. Na zage shi, na tuna masa wadda ta goya shi da uwarmu ta rasu, na ce masa son kansa ne kawai, muryar bijimai yake so ya ji. Bai musa ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. A ƙarshe ya ce, "Ji nan. Baiti ɗaya ne. Kunnena zai kasance a jikin katakon nan. Da ya ƙwanƙwasa, ko sau ɗaya ne, ko kamar ƙwanƙwasa ne, zan tura su ciki duka. Na rantse miki da kabarin Mama."

Na ce, "Amos ne zai ƙwanƙwasa? Mutumin da ƙarfe ya faɗo masa a ƙafa a masaƙa ya ƙarasa aikin yini?"

"Wannan kuma aikinki ne. Ki sa shi ya yi miki alkawari. Bai taɓa saɓa miki alkawari ba."

Gaskiya ya faɗa. Taurin kan Amos ya fi na jaki, amma in ya ce na yi alkawari, to magana ta ƙare. Sai na ga kamar akwai mafita: alkawari a gaba, alkawari a baya, katako a tsakani. Na sauko tudun ina lallashin kaina da wannan.

Ranar biki ta zo da rana mai kyau, irin wadda ba mu cika samu ba. Da safe Amos yana aski a gaban madubin kicin, na tsaya a bayansa.

"Na faɗa wa Clifford."

Rezar ta tsaya. Ya dube ni ta cikin madubi, ya daɗe. Na shirya wa faɗa, sai kawai ya ci gaba da aski.

"Na san za ki faɗa. Har na yi mamakin da kika kai haka."

"Ka fasa, Amos. Don Allah."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, yarinya."

"To yi mini abu ɗaya. In ka ji abin nan a ƙirjinka, ka ƙwanƙwasa."

"Ba zan ji ba."

"In ka ji."

Ya goge fuska da tawul, ya juyo. Ya ga ina kuka, abin da ba na yi a gabansa. Ya kama haɓata da hannunsa mai kaushi.

"Na yi alkawari. In na ji, zan ƙwanƙwasa. Shi ke nan? Share hancinki, kada a ce na dake ki ranar biki."

Na sa masa ƙwayoyin a aljihun 'yar ciki. A kan tudu bai tsaya ɗaure takalmi ba ko sau ɗaya, ya haye kamar saurayi, yana gaisawa da mutane. Wannan ya fi tsoratar da ni.

Majami'a ta cika har bene. Waɗanda suka bar gari sun dawo, 'yan ƙasan kwari ma sun zo ganin ƙwaf. Mata da sababbin huluna, a ɗakin baya an jera kek da naman alade da tukwanen shayi. Magana ta riga ta zaga gari, har mai sayar da kifi ya tare ni a ƙofa yana cewa, "Matar Amos, an ce yau za a zare duk matosai." Na wuce shi. Na zauna a layi na uku ta gefen dama, inda nake ganin hannun Clifford da kuma gefen koren labule.

Ban ji wa'azin ba. Rabaran Midgley yana ta buɗe baki yana rufewa, ni kuwa idona yana kan katakan nan uku masu farin kai. Duk waƙar da aka yi, labulen yana ɗan motsi daidai da zugar Amos, a natse, ba gaggawa. Na riƙa numfashi tare da shi.

Aka miƙe don waƙar rufewa. Baitin farko Clifford ya fara a hankali. Na biyu ya ƙara matosai, na uku ya ƙara. Motsin labule ya ƙaru. Na saurara da dukan jikina, ban ji ƙwanƙwasa ba, da an yi kuwa da na ji, don a lokacin har tarin wata tsohuwa a bene ina ji. Kafin baitin ƙarshe Clifford ya ɗan dakata, ya karkatar da kansa wajen katakon kamar mai tambaya. Shiru. Sai na ga hannunsa na dama ya sauka ƙasa.

Ban san yadda zan faɗa muku abin da ya fito ba. Ba da kunne aka ji shi ba, ta tafin ƙafa ya shigo, ya hau gwiwa, ya zauna a ciki. Gilasan tagogi suka kama rawa. Ƙura ta riƙa saukowa daga rufi cikin hasken rana. Ɗaruruwan mutane suna waƙa da iyakar muryarsu, amma matar da ke kusa da ni bakinta kawai nake gani yana motsi. Wani dattijo a gabana hawaye yake yi. Zan faɗi gaskiya, abin yana da kyau, ban taɓa jin mai kyansa ba, kuma na tsane shi.

Labulen yana kaɗawa kamar ana dambe a bayansa. Littafin waƙa ya suɓuce daga hannuna ya faɗi a kan katakon ƙasa, babban littafi ne mai kauri. Na ga ya faɗi, ban ji ƙararsa ba.

Nan na tuna da ƙwanƙwasa. Na ture matar da ke gefena, na taka ƙafar wani, na fita layi. Na kira sunan Clifford da dukan ƙarfina, ni kaina ban ji muryata ba. Kunnensa yana wajen katakon kamar yadda ya rantse, idonsa a rufe, fuskarsa kamar ta yaro. Tsakanina da labulen akwai matakala da kujerun mawaƙa, mutane a tsaye cunkus, kowa baki buɗe.

Iskar ba ta yanke ba. Baitin ya kai ƙarshensa, aka ja Amin, Clifford ya riƙe shi, ya riƙe, ogan bai yi ko gargada ba. Sai a can ƙarshen jan Amin ɗin, muryar ta fara lanƙwashewa, ta yi ƙasa, ta koma wani kuka kamar na dabbar da aka yanka, ta mutu. Wasu suka ɗauka haka aka shirya, har aka fara tafi a bene, abin da ba a yi a majami'armu.

Na yaye labulen. Amos yana durƙushe, ƙirjinsa a kan hannun zugazugi, nauyin jikinsa ne ya yi dannawar ƙarshe. Ƙwayoyin suna cikin aljihu, bai samu hannun ciro su ba. Likita Firth yana cikin jama'a, ya zo da sauri, ya durƙusa, ya taɓa wuyansa. Bai daɗe ba ya miƙe ya cire hularsa daga ƙarƙashin hammata ya riƙe ta a ƙirji.

Ni na wanke shi, ni da maƙwabciyata, a ɗakin gaba. Da na zo hannunsa na dama na ce ta je ta ɗora ruwan shayi. Gaɓoɓin yatsunsa huɗu duk sun saluɓe, fata ta tafi, har da 'yan tsinkayen katako a cikin naman. Ba ƙwanƙwasa biyu ke yin haka ba. Da hagu ya yi ta zuga shi kaɗai abin da mutum biyu ke yi, don kada iska ta yanke a tsakiyar waƙa a ji kunya, da dama kuwa yana dukan bangon nan, yana cika mini alkawari. Tun zamanin kakanninmu ake wannan ƙwanƙwasa, ba wanda ya taɓa tambayar ko ana jin ta in bijimai suna kuka. Mu uku muka zauna muka dogara da ita, ba wanda ya tuna.

Na cire tsinkayen ɗaya bayan ɗaya da allura. Na yi kuka a nan, na yi fushi, na rasa wanda zan yi fushin da shi. Sannan na naɗe hannuwansa a ƙirji, na sa na dama a ƙasa, na rufe shi da na hagu, na jawo hannun riga.

Clifford ya zo da yamma. Ya tsaya a kan gawar, ya tsufa a yini ɗaya. Ban ce masa zauna ba. Ya daɗe yana kallon fuskar Amos, sannan ya ce, da wata murya ƙarama, "Na saurara, Edna. Allah ya sani na saurara, kunnena bai bar katakon nan ba. Don me bai ƙwanƙwasa ba? Ya yi miki alkawarin ko bai yi ba?"

Maganar tana bakina. Ni mai baki ce, garin nan kowa ya shaida, kuma da na ɗaga hannun hagun nan da na rama duk abin da ke cina. Na dube shi, yaron da na goya, yana riƙe da hularsa. Amos ya riga ya tafi, wannan kuwa shi kaɗai ya rage mini.

Na ce, "Ka san halinsa da taurin kai. Bai yi mini alkawarin komai ba."

Clifford ya gyaɗa kai, ya fashe da kuka, ya ce, "Tsohon banza, tsohon banza." Na bar shi ya yi ta zagin mutumin da bai taɓa saɓa mini ba, na tsaya tsakaninsa da hannun har aka zo rufe akwati.